Harshen Mawaƙi da Kunnen Mumini

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halicci ɗan Adam, ya sanar da shi bayani, ya ba shi ji da gani da zuciya, ya sanya su amana a wuyansa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa al'amari ne da kowa ke gani, amma kaɗan ne ke tsayawa su auna shi. A yau babu mashekari, babu bakin rijiya, babu fadar samari masu shan shayi da ba a jin waƙa. Makiyayi yakan yi wata guda a bayan raƙumansa bai ga liman ba, bai ji wa'azi ba, amma salularsa tana rataye a wuyansa, katin da ke cikinta cike da waƙoƙin Kano da Agadas da Yamai. Liman yana samun mutum na ɗan lokaci ranar Juma'a, in ma ya zo. Mawaƙi kuwa yana tare da shi tun daga hantsi har ya kwanta barci. To, wanda ya fi daɗewa a kunnenka shi ne ya fi kusa da zama malaminka, ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Kuma Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu, a hadisin Abu Dawuda da Tirmizi, cewa mutum yana bisa addinin abokinsa ne, saboda haka kowa ya duba wanda yake abota da shi.

Bayan zaɓen shugaban ƙasa zagaye na biyu, na 21 ga Fabrairu 2021, an kira mu sulhu tsakanin ɗan wa da ɗan ƙane waɗanda ke shayar da dabbobinsu a rijiya guda tun zamanin kakansu. Sun bar gaisawa, matansu sun bar shiga gidan juna. Da muka bi diddigin maganar, sai muka tarar ba a kan ruwa ba ne, ba kuma a kan makiyaya ba. Ɗayansu ne, duk sa'ad da ɗan'uwansa ya iso rijiya, sai ya ƙara muryar wata waƙar siyasa mai habaici ga magoya bayan ɗaya ɓangaren. Mawaƙin bai san su ba, bai san sunan garinsu ba, an biya shi kuɗinsa ya yi gaba, amma ya bar gaba a cikin gida ɗaya.

Ƙarfin murya

Mu mutanen raƙuma ba sai an kawo mana dogon dalili ba a kan abin da murya mai daɗi ke aikatawa. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa Annabi (SAW) yana da wani mai kora raƙuma da waƙa, sunansa Anjasha. Wata rana a cikin tafiya ya ɗaga murya, raƙuman da ke ɗauke da mata suka ƙara sauri, sai Annabi (SAW) ya umurce shi da ya sassauta, yana mai kamanta matan da kwalabe masu saurin fashewa. Imamu Gazali kuma, a cikin Ihya'u, ya kawo labarin wani matafiyi da ya sauka a wata unguwar Larabawan ƙauye, ya tarar da bawa a ɗaure da matattun raƙuma a ƙofar gida. Da ya tambaya, sai maigidan ya gaya masa cewa bawan nan ya ɗora wa raƙuman kaya masu nauyi, ya yi ta yi musu waƙa har suka yi tafiyar kwana uku a dare guda, da aka sauke musu kaya suka faɗi suka mutu, ɗaya kaɗai ya saura.

Ku lura da wannan labari, ya ku bayin Allah. Raƙuman ba su ji nauyin kayan ba saboda daɗin muryar. Haka waƙa take yi wa ɗan Adam. Maganar da in an faɗa maka ita a fili za ka tsaya ka nemi hujja, in aka ɗora ta a kan kalangu ko gita sai ta wuce kai tsaye zuwa zuciya, bakinka ya kama maimaita ta tun hankalinka bai gama tantance ta ba. Yaron da ya kasa riƙe ayoyi goma a allo yakan hardace waƙar minti ashirin ba tuntuɓe.

Matsayin Alƙur'ani game da mawaƙa

A ƙarshen Suratush Shu'ara, daga aya ta 224 zuwa ta 227, Allah (SWT) ya siffanta mawaƙa da cewa ɓatattu ne ke bin su, suna ɗimuwa a kowane kwari na magana, suna faɗin abin da ba su aikatawa. Sa'an nan ya toge waɗanda suka yi imani, suka aikata ayyukan ƙwarai, suka yawaita ambaton Allah, suka kare kansu bayan an zalunce su. Abin lura na farko shi ne, ayar ta fara da ambaton mabiya tun kafin ta lissafa laifin mawaƙan, domin illar mawaƙi tana bayyana ne a jikin masu sauraronsa. Na biyu, togaciyar ta nuna cewa baiwar tsara magana ba ita ce abin zargi ba. Annabi (SAW) yana da mawaƙa: Hassanu ɗan Sabitu, wanda ake aza wa mumbari a masallaci yana kare Manzo da baitoci, da Ka'abu ɗan Maliku, da Abdullahi ɗan Rawaha wanda ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira.

Akwai labarai biyu da muke so kowa ya riƙe, domin a cikinsu ne ma'aunin yake. Kafin Hijira da ƴan shekaru, Ausu da Hazraju, ƙabilun Madina biyu, sun gwabza yaƙi a wani wuri mai suna Bu'asu, kowane ɓangare ya tsara waƙoƙi a kai. Buhari ya ruwaito cewa a wata ranar idi Sayyidina Abubakar (RA) ya shiga ɗakin Nana A'isha (RA), ya tarar da ƴan mata biyu suna rera waƙoƙin Bu'asu, ya tsawata musu, sai Annabi (SAW) ya ce ya ƙyale su, ranar idi ce. A wani lokaci kuma, kamar yadda malaman sira da tafsiri suka kawo, wani maƙiyin Musulunci mai suna Shasu ɗan Ƙaisu ya ga Ausu da Hazraju zaune wuri guda suna hira cikin soyayya, abin ya ɓata masa rai, ya tura wani saurayi ya zauna cikinsu ya rera musu waƙoƙin nan na Bu'asu. Kafin a ankara tsohon miki ya tashi, aka fara alfahari, aka kira makamai. Sai da Manzon Allah (SAW) ya fito da kansa ya tuna musu ni'imar Musulunci, sa'an nan suka yi kuka suka rungumi juna. A kan haka aka ce ayoyin Ali Imrana na 100 zuwa 103 suka sauka, masu umurni da riƙo da igiyar Allah da hana rarrabuwa.

Waƙoƙin iri ɗaya ne. A bakin ƴan mata ranar sallah sun zama wasa, aka ƙyale su. A bakin wanda aka aiko don haɗa faɗa sun kusa zubar da jinin sahabbai. Idan har waɗanda suka yi salla a bayan Annabi (SAW) waƙa ta iya miƙar da su tsaye da takubba, wane ne a cikinmu zai bugi ƙirji ya ce shi waƙa ba ta juya shi?

Abin da idonmu ya gani

Manyanmu a arewacin Damargu ba su manta zamanin kaset ba. Bayan farin 1973 da na 1984, samarin Abzinawa da yawa sun rasa dukiyarsu, suka tafi Aljeriya da Libiya neman abin kai. A can ne kiɗan gita ya samu gindin zama a cikinsu. Bayan abin da ya faru a Cintabaradan a watan Mayu 1990, tawaye ya ɓarke, kuma waƙoƙin marigayi Abdallah Umbadugu da ƙungiyarsa Takrist n'Akal suka riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, a asirce, domin hukuma ta hana su. Ba jarida, ba rediyo, amma kaset ya isar da saƙo har inda mota ba ta zuwa. Waƙoƙin sun faɗi ƙuncin da mutane ke ciki, sun kuma zaburar da matasa, wasu sun tafi ba su komo ba. Da aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Yamai ranar 24 ga Afrilu 1995, mawaƙin nan ya komo gida, ya juya muryarsa zuwa kiran sulhu da haɗin kan ƴan ƙasa, har ya rasu a shekarar 2020. Ba muna zaune a kujerar alƙali ba ne a kan wancan zamani. Abin da muke so a gani shi ne yadda murya guda ta iya hura wuta, ta kuma iya taimakawa wajen kashe ta.

Tun daga babban taron ƙasa na 1991, da aka buɗe ƙofar jam'iyyu masu yawa, kowace jam'iyya ta nemi maroƙanta da zabiyoyinta. A zaɓen 2020 zuwa 2021, ƴan takara biyun da suka kai zagaye na biyu, Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane, dukansu suna da tushen siyasa a jihar Damagaram, saboda haka zafin ya shigo mana har cikin gida, har maganganun asali da launin fata suka hau bakin mutanen da suka yi auratayya shekara da shekaru. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki, a shekarar 2025 aka rushe jam'iyyun baki ɗaya. Jam'iyyun sun tafi, tutocinsu sun koɗe, amma akwai gidajen da har yau zumunci bai koma yadda yake ba.

Mu leƙa Nijeriya, inda akasarin waƙoƙin da ke cikin salulolin ƴaƴanmu ke fitowa. A zaɓen 2015 da na 2019 babu wanda muryarsa ta kai ta Dauda Kahutu Rarara wajen tallata marigayi Muhammadu Buhari, har yaran Damargu da ba su da ƙuri'a a can suka hardace waƙoƙinsa. A ƙarshen shekarar 2023 kuma shi da kansa ya fito gaban ƴan jarida yana sukar mulkin da ya yi shekaru yana yabo. Ba mu kawo wannan don cin mutuncinsa ba, mutum yana da damar sake ra'ayi. Tambayarmu ga mai sauraro take: kai da ka ɓata da maƙwabcinka a kan baitin da mai shi ya janye, ina ka kama?

Wanda kuma yake ganin abin ba ya wuce cacar baki, to, ya tuna Ruwanda a 1994, inda aka hallaka mutane wajen 800,000 cikin kwana ɗari. Rediyon da ke kiran a yi kisa yana sanya waƙoƙin wani shahararren mawaƙi, Simon Bikindi, dare da rana. A shekarar 2008 kotun duniya da ke Arusha ta ɗaure shi shekara 15 saboda kiran kisa da ya yi da lasifika, ta kuma tabbatar cewa wasu waƙoƙinsa sun cusa ƙiyayyar ƙabila. Mu da muke zaune Hausawa da Abzinawa da Fulani da Barebari da Larabawa da Tubawa, noma da kiwo suna gogayya a kan iyaka guda, ruwa kuma ba ya isa, ba mu da ƙarfin ɗaukar waƙar da ke ɗaga wata ƙabila ta ƙasƙantar da wata.

Mawaƙi a fagen addini

Nan ne haɗarin ya fi girma, domin kuskuren siyasa yakan ƙare da ƙarewar mulki, kuskuren aƙida kuwa yana bin mutum har kabari. Ba mu musun alherin waƙar addini. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu ta yau a 1754, da waƙoƙin Fulatanci ya karantar da makiyaya tauhidi da hukuncin salla. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta tsara waƙoƙi, jajinta suka kai su ƙauyuka ga matan da ba su iya zuwa makaranta. Amma waɗannan malamai ne da suka ƙoshi da ilimi kafin su tsara baiti. A yau kuwa yaro yakan shiga ɗakin ɗaukar murya bai sauke Ahalari ba, ya tsara magana a kan zatin Allah da matsayin Annabawa da waliyyai, dubban mutane su hardace. Wani ya wuce gona da iri a bege har ya ba abin halitta siffar Mahalicci, alhali Annabi (SAW) ya hana a wuce iyaka wajen yabonsa kamar yadda aka wuce wajen Annabi Isa (AS). Wani kuma ya mai da waƙa makamin gori tsakanin ƴan ɗariƙa da ƴan Izala, har masu alƙibla ɗaya su ƙi bin juna salla.

A Kano, cikin shekarar 2020, wata waƙa da ta yaɗu ta WhatsApp ta jawo tarzoma har aka ƙone gidan iyayen mawaƙin, kotun shari'a ta yanke masa hukuncin kisa a watan Agusta, babbar kotu kuma ta ce a sake shari'ar a farkon 2021. Darasi biyu ke nan. Kada mutum ya tsara abin da bai da iliminsa a sha'anin Allah da Manzonsa. Kada kuma jama'a su ɗauki hukunci a hannunsu, domin ƙona gida ba ya cikin shari'a, kuma wani ba ya ɗaukar laifin wani. Imamu Muslimu ya kawo a gabatarwar littafinsa nasihar Ibnu Sirina cewa ilimin nan addini ne, mutum ya duba daga wurin wa yake karɓarsa. Daɗin murya ba ijaza ba ne.

Game da hukuncin kiɗa kansa, malamai sun yi saɓani tun da daɗewa. Risalar Ibnu Abi Zaidin, wadda muka tashi da ita a makarantunmu, ta hana sauraron kayan kiɗa da gangan, kuma Ibnu Mas'udu (RA) ya fassara aya ta 6 ta Suratu Luƙmana da waƙa. Gazali da Ibnu Hazmin sun sassauta, Gazali da sharuɗɗa. Ba wannan saɓani muka zo warwarewa ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, ƙarya da ƙazafi da zambo da tsokanar ƙabilanci haramun ne, ko da kiɗa ko babu kiɗa. Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi da giba, ba ta toge mawaƙi ba.

Nasiha

Ga mawaƙa da maroƙa da zabiyoyi: baiwar da ke bakinku amana ce. Muslimu ya ruwaito cewa wanda ya yi kira zuwa ga shiriya yana da kwatankwacin ladan waɗanda suka bi shi, wanda ya yi kira zuwa ga ɓata yana da kwatankwacin zunubinsu. A da waƙa takan mutu da watsewar taro. Yanzu tana cikin kati, ana kwafe ta kuna barci, za a ci gaba da kwafe ta kuna cikin kabari. Ku tuna Huɗai'a, wanda Sayyidina Umar (RA) ya tsare saboda zambon da ya yi wa Zibriƙanu ɗan Badru, bai sake shi ba sai da ya ɗauki alkawarin barin mutuncin Musulmi. Fagen alheri yana da faɗi: ku yi wa manomi da makiyayi waƙar haƙuri da juna, ku zaburar da iyaye su kai ƴaƴa makaranta, ku gaya wa shugabanni gaskiyar ƙishirwa da yunwa da ladabi.

Ga masu mulki da masu neman mulki da masu dukiya: wanda ya biya aka zagi Musulmi, shi da mai zagin sun yi tarayya. Kuma yabon da aka saya ba ya gina rijiya. Muslimu ya ruwaito daga Miƙdadu (RA) umurnin a watsa ƙasa a fuskar masu yabon wuce iyaka, domin suna halaka wanda suke yabo.

Ga mai sauraro, wanda shi ne akasarinmu: aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta gaya mana cewa ji da gani da zuciya duk za a tambaye mu a kansu. In ka ji waƙa, ka tuɓe mata kiɗan, ka faɗi maganar a fili kamar kana gaban mahaifinka ko limaminka. In ka ji kunya, to, goge ta. Ka tambayi kanka wa ya biya aka yi ta, me kuma take so ka ji game da ɗan'uwanka. Kada ka tura wa wani abin da ba ka iya tsayawa a kansa gobe ƙiyama. Kada ka kunna waƙa don wani ya ji haushi, wannan aikin Shasu ne.

Ga iyaye da mu malamai: laifinmu ba kaɗan ba ne. Mun tsaya a cikin gari muna jiran mutane, mawaƙa kuwa sun bi su har mashekari. Katin da ke ɗaukar waƙa yana ɗaukar karatun Alƙur'ani da Ishmawi da tafsiri, da Hausa da Tamashek da Fulatanci. Rediyon karkara yana nan, ranakun kasuwa suna nan. Uba ya zauna da ɗansa ya ji abin da yake ji, ya yi masa bayani da lalama, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Su ƴan'uwan nan biyu da muka ambata, Allah ya sa sun shirya, suna jan ruwa tare kamar da. Amma damina guda suka yi ba su ga maciji, kuma a cikinta ne tsohuwar da ta rene su duka biyu ta rasu, kowa ya zauna zaman makokinsa dabam.

Ya Allah ka tsarkake harsunanmu daga ƙarya, da kunnuwanmu daga ɓarna, da zukatanmu daga ƙiyayya. Ya Allah ka shiryi mawaƙanmu, ka sanya baiwarsu ta zama hujja gare su, ba a kansu ba. Ka haɗa kan manoma da makiyaya, ka ba mu damina mai albarka, ka zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, da sauran ƙasashen Musulmi. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa.